Ranar da Na So Gyara Idon Jar Mesa

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai kuma waɗanda shekaru suka share mini ba su ko nemi izinina ba. Amma ranar da na ɗauki kayan gyaran agogo na nufi idon mesa, ko za a buɗe kaina a wanke da sabulun salo, ba za ta fita ba. Na san mutanen unguwarmu Nima sun san ni da ƙarin gishiri. In na ce na ga kifi kamar ƙofar masallaci, sukan rage rabi, su sake rage rabi, sannan su fara sauraro. To wannan karon ku rage abin da za ku rage, abin da zai saura ma ya ishe ku.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Na dawo daga Legas tun lokacin da aka koro mu baƙi, ba ni da komai sai jaka ɗaya da ɗan akwatin kayan aikina. Wanda ya karɓe ni wani abokina ne na ƙuruciya, ma'aikacin jirgin ruwa. Zan riƙa ce masa matuƙi, ko da yake bai taɓa tuƙa ko kwalekwale ba, a ɗakin inji yake aiki. Shi ya raba mini katifarsa biyu a ɗakinsa, cikin wani gidan haya mai ɗaki goma sha wani abu, shi ya samo mini inda na kafa ɗan teburina na gyaran agogo a Kawukudi. Bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Irin mutumin da in ya ce maka riƙe mini wannan, ba ka da bakin cewa a'a ke nan.

Sai dai mu uku ne a ɗakin. Ta ukun tana cikin wani akwatin katako mai tagar waya, a lungun da rana ba ta kaiwa. Mesa ce, amma ba irin tamu ba. Daga wata tashar jiragen ruwa can ƙasashen gabas ya zo da ita tana ƙarama, ya ce a can sunan da ake kiranta da shi yana nufin mesa mai launin jini. Kuma haka take. Ja wur kamar manja, da zane-zanen ruwan ƙasa da rawaya a gadon baya. Ba ta da tsawo, in aka miƙe ta da ƙyar za ta kai kafaɗata, amma kaurinta ya kai cinyar ɗan dambe. Kai ƙarami, wutsiya guntuwa, tsakiya kuwa kamar an cika buhu da tuwo an ɗaure baki. Ba ta yawo, ba ta hawa komai. Takan binne jikinta cikin ɓawon kwakwa ta bar hanci da ido a waje, ta yi kwana uku a haka, kana ganinta ka san ba barci take ba, jira take.

Duk gidan an san da ita. Hajiya mai gidan ta yarda ne kawai don matuƙi ya taɓa ɗaukar ta a baya har bakin titi ranar da ta faɗi ta karye, amma ta kafa sharaɗi gaban kowa. Da irin Hausarta ta 'yan Zango da ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce, "Ranar da wannan abu ya fito tsakar gida, ranar zai mutu. Ba roƙo, ba kuka." Wanda ya fi kowa murna da sharaɗin shi ne mahaucin da ke ɗakin da ke kallon namu. Duk ranar da yake wasa wuƙaƙensa sai ya ɗaga murya ya ce, "Masa, maigida, ka gaida baƙon ɗakinku, ka ce ina jira."

Shekara biyu matuƙi ba shi da jirgi, sai rana ɗaya aka kira shi tashar jiragen ruwa ta Tema, tafiyar wata biyar. Da safen da zai tafi ya zaunar da ni gaban akwatin kamar mai ba da wasiyya. Kada rana ta taɓa ta, zafi kashe ta yake. Ɓawon kwakwar nan kada ya bushe, kada kuma ya jiƙe sharkaf, a yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kwanon ruwanta a canza kullum. Abinci ɓera ɗaya duk mako uku, kuma ba ɓeran kwata ba, akwai wani mutum a unguwar Madina da ke kiwon su, wajensa zan je. In miƙa mata da dogon ƙarfe, in wanke hannu da sabulu in na taɓa ɓera. In na ga wata biyu ba ta yi kashi ba kada in damu, haka irinsu suke, tarawa suke yi.

Na ce, "Wannan ba mesa ba ce, asusu ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Cale, abokina, shekara shida muna tare da ita. Ba ni da mata, ba ni da ɗa. In na dawo ina so in same ta yadda na bar ta. Amana."

Na ce, "Amana."

Motar Tema na jiran sa, ya ɗauki jaka ya fita. Abin da ya sani shekara shida bai shiga cikin bayanin rabin awa ba, ni kuma ban san abin da zan tambaya ba.

Makonnin farko na yi aikin nan da tsoro, kuma tsoron ya taimake ni. Nakan buɗe murfin da sanda, in yayyafa ruwa daga nesa kamar mai yi wa gawa turare. In ta yi numfashin nan nata mai ƙarfi, fuuu, kamar tayar trotro, motar hayar nan, ta sace, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ban san lokacin da na je ba. Zuwa Madina kuwa wani babi ne. Na dawo cikin mota da kwali a cinya, kwalin yana motsi, wata mata kusa da ni ta tambaya ko zabi ne. Na ce e, zabin Turawa ne, ba sa kuka. Ranar da na fara ba ta abinci ban ga lokacin da ta kama ba. Ɓera yana bakin ƙarfe, na ƙifta ido, ƙarfe ya zama ba komai. Halittar da ta wuni kamar an jefar da tsumma, ashe a cikinta akwai saurin da ido ba ya bi.

Amma mutum da sabo. Kafin wata biyu na fara buɗe murfin da hannu. Na fara yi mata hira in ina canza ruwa, ina ba ta labarin masu kawo agogon da ya mutu tun zamanin kakansu suna so ya tashi kafin la'asar. A bakin shayi na fara cewa ai ni mesa ta san muryata. Ba ta san komai ba. Haƙuri take da ni.

Sai afolo ya shigo gari. Wanda bai ga ciwon idon nan a gidan haya ba bai san shi ba. Yau ɗaki ɗaya, gobe uku, kafin Juma'a duk gidan idanu ja, sun kumbura, suna ruwa, da safe sai an sa ruwan ɗumi an ɓamɓare su. Kowa ya nemo baƙin tabarau, tsakar gidanmu ta koma kamar taron 'yan sandan ciki. A lokacin abin da muka yarda da shi shi ne, in mai afolo ya kalle ka ido cikin ido, ka kamu. Ni ma ya kama ni, ya yi mini mako guda, kuma duk makon nan safe da yamma ina leƙa akwatin ina kallon ta tana kallo na.

Ranar da na warke, na cire tabarau, na duba ta da kyau. Jan nan nata ya dushe, ya koma kamar tsohon bulo da ƙura ta rufe. Ta fito daga ɓawon kwakwa ta naɗe cikin kwanon ruwa. Idanunta kuwa, waɗanda na sani masu sheƙi kamar dutsen ado, sun yi fari-fari da shuɗi-shuɗi, kamar an ɗiga musu madara. Na kawo ɓera, ranar abincinta ce, ta juya kai ta ƙi. Na kaɗa hannu gaban fuskarta daga bayan waya, ba ta bi ba. Makauniya.

Yau ko ɗan makaranta ya san cewa maciji in zai yi saɓa, wato zai tuɓe tsohuwar fatarsa, haka yake yi. Launi ya dushe, ido ya yi hazo, ya ƙi abinci, ya nemi laima, kuma a kwanakin nan da ba ya gani sosai ya fi kowane lokaci faɗa. Ni an haife ni a Zango, macijin da na sani shi ne wanda ake bi da tabarya. Ta yi saɓa sau nawa muna ɗaki ɗaya, amma lokacin ba na ko kallon lungun. Abin da na gani kawai shi ne: na kalle ta da idon afolo, ga shi ta makance. Ni na sa mata. Mutum ya ba ni rabin katifarsa, ni zan mayar masa da makauniyar mesa, in ma ta kai.

Kwana biyu ba na iya aiki. Na ɓata wa wani malami agogo, na mayar da allurar awa inda ta minti take. Rana ta uku na sami Hajiya tana tsince shinkafa, na durƙusa na gaishe ta, na kewaya na kewaya, na ce, "Hajiya, wai dabba tana kamuwa da afolo?"

Ta ɗago baƙin tabarau. "Ei, sosai. Akuyana ya kama bara. Na jiƙa sukari na ɗiga masa, kwana uku ya warke. Wane dabba?"

Na ce kyanwar wani abokina ce a Mamobi.

Ranar Lahadi da hantsi, gidan cike, mata na wanki a tsakar gida, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na sa sakata don kada a gan ni. Ku riƙe wannan, na sa sakata. Na jiƙa sukari a murfin kwalba. Na ɗauko ɗan bututun da nake ɗiga wa agogo mai, na wanke shi tas. Na buɗe murfin akwatin. Tana cikin kwanon ruwa, ta ɗora haɓa a bakinsa. Na yi bisimilla, na miƙa hannu, na ɗiga ɗigo ɗaya a idon dama.

Ɗigon ya gangara kamar a kan faranti. Bai shiga ba. Ba ta ƙifta ba. Na sake ɗigawa, haka. Ta yi fuuu, jikinta ya kumbura ya sace. Mai hankali a nan zai rufe akwati ya je ya nemi wanda ya sani. Ni sai sana'a ta motsa. Na ɗauko ɗan madubin nan da muke maƙalawa a ido, na maƙala, na sunkuya, na kai fuskata kusa da kan mesa kamar tazarar tafin hannu.

Abin da na gani ya ƙarasa ruɗa ni. Ba ta da fatar ido sam. A kan idon akwai wani ɗan murfi zagayayye, mai santsi, ya zauna daram cikin da'irarsa, hazon kuma a ƙarƙashinsa yake. Na san wannan. Kullum ana kawo mini shi. Agogo ne da ruwa ya shige shi, gilashi ya yi gumi daga ciki. Maganinsa a ɗaga gilashin ta gefe, a bar iska ta shiga, a goge, a mayar. Wallahi har wani daɗi na ji, irin na wanda ya gano ciwo. Na ɗauko matsefatar aikina, siririya mai tsinin allura, na nemi bakin murfin, na taɓa.

Ban ga komai ba. Ƙara na ji, kamar an buga littafi a tebur, madubi ya fice daga idona, matsefata ta tashi sama. Da na duba, hannuna na dama yana cikin bakinta, daga gindin babban yatsa har tsakiyar tafi. Zafin bai zo nan take ba, abin da ya fara zuwa sanyi ne, daga ƙeya har tafin ƙafa. Na fizga. Wannan ne kuskure na biyu. Na ji naman hannuna yana tsagewa kamar ana ɓarke ɗinki, ita kuma da ta ji ana jan ta, sai ta fito daga ruwan gaba ɗayanta, ta yi wa damtsena naɗi biyu.

Nauyin ya kai ni ƙasa bisa gwiwa. Na taɓa ɗaukar buhun siminti, amma siminti ba ya numfashi. Duk lokacin da na motsa sai ta ƙara matsewa, a hankali, ba gaggawa, kamar mai ɗaure kaya a kan mota. Na ga yatsuna sun kumbura sun yi baƙi. Na ji bugun zuciyata a cikin bakinta. Matuƙi ya sha gaya mini ba ta da dafi, amma a wannan lokacin ban yarda da kowa ba. Na fara kalmar shahada, na kai rabi na koma farko, na kai rabi na koma farko. Na so yin ihu, na tuna da sharaɗin Hajiya, na haɗiye. Na sa hannun hagu zan ɓamɓare naɗin, kamar in tura bango. Idon nan mai hazo yana daf da wuyan hannuna, ba ya kallon komai.

Ban san minti nawa na yi a haka ba. In na ce awa guda za ku rage, to ku sa biyar. Da na ga ban ƙara jin yatsuna ba, kuma ɗakin ya fara juyawa, na san in na suma a bayan sakata sai dai wari ya sanar da gidan. Na ja gwiwa, ina tallabe da ita da hannun hagu kamar jariri, jini na bin gwiwar hannuna yana ɗiga. Ɗakin da taku huɗu ne ya zama tafiyar Kumasi. Na zare sakatar da haƙori da kafaɗa, na faɗo tsakar gida.

Ihun da matan nan suka yi, na tabbata an ji shi har kasuwar Makola. Bokitai suka kife, kumfa ta malala, wata ta tsallake turmi da goyo a baya. A daidai lokacin mesar, saboda firgita, ta saki abin da ta tara wata uku, duka, a kan rigata. Ban ma ji kunya ba. Mai mutuwa ba ya jin kunya.

Sai ga mahauci ya fito da addarsa ta sara ƙashi. Shi afolo bai sake shi ba, ido ɗaya a rufe ruf, ɗayan kamar an tsaga tumatir, hawaye na zuba. Ya ce, "Masa, ɗora hannun kan turmi! Ɗora, in cire kan!"

Na dubi inda wuyan mesar yake. A kan wuyan hannuna yake, tsakaninsu ko takarda ba za ta shiga ba. Na dubi mutumin da zai sara, yana laluben turmi da ƙafa.

"Kana gani kuwa?"

"Ina gani! Kai uku nake gani, wanda ke tsakiya zan sara!"

Hajiya daga ƙofar ɗakinta, ta riƙe labule, tana cewa, "Kashe shi! Na faɗa tun farko! Kashe shi!"

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta ce a sara. Ko da hannun ne a haɗa, in dai wannan matsar za ta tsaya. Amma na ga kaina tsaye gaban matuƙi da akwati babu kowa, ina masa bayanin ruwan sukari. Ita ba ta fito neman kowa ba. Tana kwance cikin ruwanta na je na soka mata ƙarfe a ido. Na juya baya, na dunƙule a kanta, na ce, "Ba za a sara ba. Amana ce." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya, amma ta fito.

Mahauci ya kama kafaɗata yana juyo ni da ƙarfi, addar na sama. A nan ne wata murya ta ce, "Kai, sauke wannan."

Wani dattijo ne mutumin Nijar da ke ɗakin ƙarshe, mai gadin wani sito, da rana barci yake, shi ya sa da wuya a gan shi. Ihun ne ya tashe shi. Ya zo da zane ɗaure a ƙugu, bai yi sauri ba, ya durƙusa ya dubi kan mesar, ya dubi fatarta, ya dube ni.

"Ɗana, kada ka ja. Haƙoranta baya suke kallo, kamar ƙugiya. In ka ja, kai kake yanka kanka. Me ka yi mata?"

"Baba, afolo ta kama, na zo sa mata magani."

Ko a cikin wannan halin na ga yana kokawa da bakinsa don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya ce, "Saɓa za ta yi. Tashi."

Ya tallabe ta, na miƙe, ya kai ni gaban babban duron ruwan Hajiya, wanda aka cika da asuba bayan kwana biyu famfo bai zo ba. Hajiya ta ce, "Ruwana!" Bai ko waiwaya ba. Ya danna hannuna ciki har kafaɗa, kan mesar ya nutse. Ya ce, "Yanzu sai haƙuri. Za ta zaɓa, ko kai ko numfashi."

Ruwan ya fara yin ja. Ina jin ta ƙara matsewa, har na ce ƙashin ya tafi. Na ce, "Baba, za ta mutu a ciki." Ya ce, "Ta fi ka sanin ruwa." Mahauci na tsaye bayanmu yana huci, yana cewa in an bar shi da tuni an gama. Ni ina kallon fuskata a cikin jan ruwa, ina tunanin yatsun da nake cin abinci da su, ina tunanin ko kashe ta muke a hankali maimakon da sauri. Sai na ji wani abu kamar ana zare ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tura hannuna gaba, cikin bakin, ba baya ba, sannan ya zame shi. Ta ɗago hanci sama da ruwa ta yi wani dogon numfashi. Ya kama ta ta wutsiya ya warware naɗin kamar mai kwance rawani, ya rungume ta ya mayar akwati, ya rufe, ya jefa buhu a kan tagar wayar don ta sami duhu.

Ni kuwa na zauna cikin kumfar wanki na yi kuka, da gemuna.

A asibiti an wanke, an ɗinke wuri biyu, an yi mini allura. Ma'aikaciyar ta tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mata gaskiya, ta fita ta kira 'yan uwanta biyu ta ce in maimaita.

Da na dawo na tarar da shari'a na jira. Hajiya ta ce sharaɗi sharaɗi ne, abu ya fito tsakar gida. Na durƙusa da hannu a naɗe na ce, "Hajiya, ba ita ta fito ba, ni na fito da ita. In akwai wanda ya karya doka ni ne." Ta ce ba ruwanta, maciji mai ciwo mahaukaci ne, gidan akwai yara. Baba ya ce, "Hajiya, ba ta da ciwo. A ba ta kwana goma, kada kowa ya taɓa ta. In ba ta tuɓe fata idon ya washe ba, ni zan riƙe wa mahauci ita." Ta dube shi ta bayan tabarau ta ce, "Goma. Kuma duro, shi zai cika."

Kwanakin nan goma sun fi cizon wahala. Baba ya hana ni komai sai yayyafa ruwa ta gefen buhu. Ban sani ba ko matsefatar ta huda idon, ko ruwan duro ya shiga ƙirjinta, ko fizgar da na yi ta karya mata haƙora. Kullum da safe mahauci na wasa wuƙa yana ƙirga mini da ƙarfi, saura bakwai, saura shida. Hannuna na zogi, babban yatsa kamar ba nawa ba. Rana ta huɗu na ɗaga buhun kaɗan, na ga idon ya washe amma babu fata ko ɗaya da ta fita. Na ruga wajen Baba na ce ta fasa. Ya ce haka ake yi, hazon ke fara wucewa, in koma in zauna. Zama kuwa shi ne abin da ban iya ba. Rana ta bakwai, ta takwas, babu komai.

Rana ta tara na dawo daga sallar azahar na ji wani sauti a akwatin, kamar ana murza takarda. Na ɗaga buhu. Tana goga hanci a jikin kwanon ruwa, tsohuwar fatar ta kwaye daga baki ta naɗe baya kamar safa, ita kuma tana fitowa daga ciki a hankali, ja wur, tana sheƙi kamar an shafe ta da mai. Na tsaya ban motsa ba har ta gama. Idanu biyu garau. Na dama, wanda na taɓa, lafiya lau.

Na zaro saɓar da sanda na kai tsakar gida. A kan fatar ga 'yan murafun ido biyu, zagayayyu, ɗayan da ɗan ƙarce a gefe, sa hannuna. Baba ya ce da na ɗaga shi ranar, da idon na ɗaga. Hajiya ta sa tsinke ta juya fatar, ta ce, "To. Ya zauna." Mahauci ya ce shi dama tausayina yake ji.

Matuƙi ya dawo bayan wata biyu da wani abu. Ban bari ya ji a bakin kowa ba, tun bai ajiye jaka ba na faɗa masa komai, ban ƙara gishiri ba, ban kuma rage ba, abin da ban taɓa yi wa wani labari ba a rayuwata. Ya wuce ni ya buɗe akwatin, ya daɗe yana duba ta, kai, ido, baki. Sannan ya juyo ya kama hannuna ya duba ɗinkin. Ya ce, "Cale, adda na sama ka ce a'a?" Na ce e. Ya ce, "Laifina ne, ban gaya maka saɓa ba." Na ce a'a, ko ya manta, ai dattijon da ya sani yana ɗaki na ƙarshe, taku ashirin daga ƙofarmu, ni na zaɓi in sa sakata.

Abin da na ɗauka daga wannan rana ke nan. Ban cuci halittar nan don ƙiyayya ba, tausayi ne ya kai ni, da jin cewa tunda na iya gyara abu ɗaya na iya gyara komai. Na ga ciwona a idonta, na ga sana'ata a jikinta, ban tsaya na ga ita ba. Ba duk abin da ya yi shiru ne ya lalace ba, wani yana can ciki yana sabunta kansa, abin da yake nema a wajenka ruwa ne da inuwa da ka janye hannunka. Tun daga lokacin, in an ba ni amanar abu mai rai, ɗa ne ko dabba, na ga abin da ban gane ba, kafin in taɓa kayan aiki nakan buɗe ƙofa in je in yi tambaya, ko za a yi mini dariya. Dariya ba ta buƙatar ɗinki.